Ɗa'ifar da Ta Koma Madina

Mujahida na tsaye a kicin tana kwashe shinkafar baƙi, wayarta jingine da gwangwanin shayi, ido ɗaya a tukunya, ɗaya a hoto. Hoton wani ƙaramin otal ne a Ɗa'ifa, garin nan mai sanyi da ke kan duwatsu kusa da Makka, tsohon gida da aka gyara, tagoginsa na kallon gonar furen wardi. Ba gadon ne ya ɗauke mata hankali ba, ba kuma labulen ba. Teburin karin kumallo ne: kujeru biyu kacal.

Tun da ta auri Marwan ta tare a saman benen mahaifiyarsa Hajo, a unguwar Hindawiyya da ke Makka, ba ta tuna ranar da suka ci abinci su kaɗai ba. Duk wanda ya taso daga Sakkwato yin Umara, ko dangantakar ta kakan kaka ce, nan yake sauke jaka, don a Makka ba a ce wa baƙon Allah babu wuri. Yanzu haka ga Kawu Tsoho, ƙanen Hajo, wanda ya gama Umararsa tuntuni amma ya ce ƙafarsa ce ba ta gama hutawa ba.

Ba yau ta fara kama ɗakin nan ba. Ta kama, baƙi suka sauka, ta soke. Ta sake kamawa, aka yi suna a dangi, ta soke. Wannan karon komai ya daidaita: tafiya Alhamis bayan La'asar, dawowa Asabar. Abu ɗaya ya rage, Marwan ya sanar da mahaifiyarsa.

Ya shigo kicin ɗin yana sosa ƙeya, ƙaton mutum mai jigilar alhazai a babbar mota, amma in an ambaci Hajo sai ya koma kamar kazar da ruwa ya daka.

"Habibti, masoyiyata, kin san Inna. A wurinta otal na marasa gida ne. In ce mata zan ɗauki matata mu je mu kwana can? Da wane bakin?"

"Da wanda kake cewa kana sona da shi," in ji ta, ta miƙa masa faranti.

Ya sauka. Ba a jima ba ta ji Hajo na ƙwala mata kira cikin murna. Ta tarar da tsohuwar na share hawaye da bakin mayafi, Marwan kuwa ya ƙura wa silin ido kamar yau ya fara ganinsa.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata," in ji Hajo. "Ashe ke kika ce a tafi Madina ziyara? Rabona da Madina tun mahaifinsa na da rai. Da ni za a tafi."

Kawu Tsoho ya miƙe daga kishingiɗe, ƙafar ta warke nan take, ya ce shi ma ai ba a barinsa, kuma gaban mota zai zauna saboda jiri.

Mujahida ta ce amin da muryar da ita kanta ba ta gane ba. Ta hau sama, ta rufe ƙofa, ta jira Marwan.

Bayanin Marwan ya fi laifin ban haushi. Wai ya buɗe baki zai ce Ɗa'ifa, sai Inna ta kalle shi, sai Madina ta fito. Wai ya yi zaton za ta ce Allah ya kiyaye hanya, shi ke nan. Yanzu ma akwai dabara: ranar Alhamis zai ce mota ta lalace, in kowa ya watse su sulale.

"Ƙarya a kan ƙarya? Kuma da sunan garin Ma'aiki?" Hawaye suka zubo mata. "Ni ba otal ne ya dame ni ba, Marwan. Kunyata kake ji. Ni matarka ce ko abin ɓoyewa?"

Ta ce ba za ta tona shi ba, wannan ba aikinta ba ne. Amma in bai faɗi gaskiya da bakinsa ba, jakar da ta haɗa ba Ɗa'ifa za ta je ba, ba Madina ba, gidan iyayenta za ta nufa a unguwar Tandabawi.

Kafin ya tattaro ƙarfin hali, labari ya zaga unguwa. Al'adar mutanenmu kuwa, in an ji za ka Madina, sai a ɗora maka sallama ka kai wa Manzon Allah. Maƙwabta suka yi ta shigowa. Mai shagon ƙasa ya bayar da tasa, mai sayar da tsire ya bayar da tasa har da ta surukinsa. Marwan na amsawa da insha Allahu, gumi na bin wuyansa. Mujahida na ta dafa shayin masu kawo saƙo, tana ajiye kofuna da ƙarfin da ya fi na kullum.

Ranar Alhamis da hantsi aka rako wata tsohuwar maƙwabciya da ciwon gwiwa ya zaunar da ita shekara da shekaru. Ta wuce Marwan, ta kama hannun Mujahida, ta ce in ta isa, ta gaya wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa wata baiwar Allah a Hindawiyya na gaisuwa, ƙafa ce ta hana ta zuwa.

Mujahida ta riƙe hannun tsohuwar. Ta juya ta kalli mijinta, kallo ɗaya.

Marwan ya durƙusa gaban Hajo.

"Inna, ƙarya na yi miki. Ba Madina muka shirya ba. Ɗa'ifa za mu, ni da matata, mu huta a otal, mu biyu. Kunya ce ta hana ni faɗa. Ita ba ruwanta."

Kawu Tsoho ya ajiye carbi. Hajo ta daɗe tana kallon ɗanta, sannan ta ce tafiya da matarsa ta sunna ba abin kunya ba ce, abin kunya shi ne wanda ya aikata. Ta ce sallamar mutane amana ce, tunda ya karɓa sai ya kai, yau ɗin nan. Ta juya ga Mujahida.

"Ke kuma kin sani kika yi shiru?"

"Mijina ne, Inna."

Hajo ta miƙa hannu ta gyara mata mayafi a kafaɗa.

Haka Mujahida ta sake soke ɗakin, ta zauna a bayan mota ita da Hajo tsakanin kular abinci da jarkar zamzam, Kawu Tsoho na gaba yana koya wa Marwan hanyar da shi Kawun bai taɓa tuƙi a kai ba. Haushi bai sake ta ba har suka shiga Madina. Amma da ta tsaya ta isar da gaisuwar tsohuwar nan, sai ta ji ƙirjinta ya yi sanyi.

Alhamis ta zagayo. Mujahida ba ta ko ɗaga zancen ba, Hajo ce ta aika a kira ta, ta ce maza a sake kama ɗakin nan mai furanni kafin wasu su riga su. Da La'asar, falo cike da sababbin baƙi, wata ta tambayi ina za a je da jaka. Hajo ta ɗaga murya yadda har mai shago zai ji: ɗanta ne zai kai matarsa Ɗa'ifa shan iska, abinci kuma yau kowa ya san hanyar kicin.

Suna bakin mota sai ga Kawu Tsoho da hula a hannu, yana cewa an ce sanyin Ɗa'ifa maganin ciwon ƙafa ne, ko akwai wuri?

Mujahida ta riƙe numfashi. Marwan ya dubi motarsa mai ɗaukar alhazai har da kayansu, kujeru a jere babu kowa, ya juyo ga tsohon.

"Babu, Kawu. Ta cika."

Washegari Mujahida ta zauna a ɗaya daga kujerun nan biyu, iska mai ƙamshin wardi na kaɗa mata mayafi, tana dariyar da ta daɗe ba ta yi ba.

To, masu sabon aure, ku ji: abin da Allah ya halatta ba a lulluɓe shi da ƙarya. Namijin da ke jin kunyar nuna matarsa gaban danginsa, wahala yake saya wa kansa. Matar da ta rufa asirin mijinta, ta kuma tsaya a kan gaskiya, haƙurinta ba ya faɗuwa ƙasa.