Man da Baba Ya Zuba

A wani zamani, a wani ƙauye mai nisa da rafi, an yi wani mutum da ya gaji tsohuwar mota mai shan dizal daga mahaifinsa. Tun ranar da aka binne tsohon take ajiye a rumfa, lulluɓe da tabarmi.

Wata shekara rijiyoyin ƙauyen suka ƙafe. Mutane suka roƙe shi ya tayar da motar a riƙa ɗebo musu ruwa.

Ya kira bakanike. Bakanike ya shinshina tanki, ya ce, "Man nan ya lalace, sai an zubar da shi."

Mutumin ya ce, "A'a. Hannun Baba ne ya zuba shi."

Aka sa sabon batir, aka murza makulli. Injin ya yi tari, ya yi shiru. Aka taru aka tura. Injin ya yi tari, ya yi shiru. Bakanike ya sake maganar mai. Mutumin ya ce, "Hannun Baba ne ya zuba shi."

Sai mahaifiyarsa ta fito, ta dire busasshen tulu a gabansa. Ta ce, "Mahaifinka don a yi tafiya ya zuba man nan, ba don a ajiye ba."

Mutumin ya durƙusa, ya tsiyaye man da hannunsa yana hawaye. Aka zuba sabo, aka murza makulli. Injin ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya kama.

Tsohuwa ta daɗe tana saurare. Ta ce, "Da wannan ƙarar nake sanin Malam ya dawo."

Sannan ta ɗora tulunta a bayan motar.