Ranar da Aka Kulle Auta a Ɗakin Tsintsiya

Auta ake ce mata a gida. A makaranta kuwa kowa ya san ta da barkwanci. Tana buɗe baki sai aji ya kwashe da dariya.

Amma fa a ciki ba haka abin yake ba. Ta daɗe tana jin nauyi a ƙirjinta. Abinci ya daina yi mata daɗi. Hawaye sai su zo haka kawai, ba wanda ya zage ta, ba wanda ya doke ta. Tsoron faɗa take yi, kada a ce ta samu taɓin hankali.

Sai ta samo dabara. A bayan ajinsu akwai ɗan ɗakin da ake ajiye tsintsiya da bokitai. Idan an tashi sai ta shige, ta sha kukanta, ta goge fuska, ta tafi gida da murmushi.

Ran nan tana ciki sai ta ji ƙaras! Mai gadi ya danna kwaɗo a ƙofar, ya yi gaba abinsa.

Ɗakin ko taga babu. Ga duhu, ga warin jiƙaƙƙen tsumma. Wani abu ya bi ta kan ƙafarta, wayyo!

Ta ɗaga hannu za ta buga ƙofa, sai ta fasa. In an buɗe, me za ta ce? Asirinta zai tonu. Ta zauna a kan bokiti. Hayaniyar yara ta yi nisa. Makaranta ta yi tsit.

Can sai ta ji takun takalmi. Malamar ajinsu ce, ita ke tashi a ƙarshe. In ta wuce, shi ke nan sai gobe.

Auta ta runtse ido, ta buga da ƙarfi. "Malama! Ki taimake ni!"

Malama ta kira mai gadi ya buɗe. Ta dubi idanun Auta, sun yi jawur.

"Wa ya taɓa ki?"

"Ba kowa, Malama. Shi ne abin da ke ba ni tsoro. Kullum kuka nake yi, ban san dalili ba. Na haukace ne?"

"Ko kusa," in ji Malama, ta riƙe hannunta. "Ciwon damuwa ake ce masa. Yana kama manya, yana kama yara, kuma yana da magani. Mu je na raka ki gida."

Da Mama ta ji, sai ta rungume ta. "Haba 'yata! Ina ta murna da dariyarki, ashe ke kaɗai kike fama?"

Washegari Mama da Baba suka kai ta wurin likita. Ya saurare ta sosai, ya ce ta riƙa zuwa suna tattaunawa. Ba a rana ɗaya ta warke ba. Amma a hankali nauyin ya ragu, har ta fara neman ƙarin abinci.

Mai gadi kuwa yanzu sai ya leƙa kafin ya kulle. "Akwai mai haya a ciki?" Auta na wucewa ta ji shi, ta yi dariya, wannan karon ta gaskiya.

Ta gane cewa damuwa ba abin kunya ba ce. Idan zuciyarka ta yi nauyi, kada ka ɓuya. Ka faɗa wa babban da ka yarda da shi.