Katin Murna a Gidan Makoki

Har yau Fumika tana tuna ranar da ta fara ganin Takuro. Tana tsugune a bakin kogi tana zana wani ɗan fure da fentin ruwa, ya tsayar da babur ɗinsa na rabon wasiƙu ya leƙo.

"Malama, a kan wannan ciyawar kike ɓata takarda?"

"Ciyawa ce a wurin mai sauri," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Shekara biyu ke nan da fara soyayyarsu, abin da ya rage musu kawai amincewar mahaifiyarsa, Inna Setsuko.

Da sabuwar shekara ta matso, Fumika ta shafe kwana uku tana zana wa Inna katin murna, jan fure a kan reshe, ta aika a ɓoye. Ɗoki ya mantar da ita abin da Takuro ya gaya mata tun bazara, cewa yayar Inna ta rasu. A al'adar ƙasarsu kuwa, gidan da aka yi rashi ba a aika masa katin murna a shekarar.

Takuro ya zo mata jiki a sanyaye.

"Da hannuna na kai shi cikin ɗaurin wasiƙun unguwarmu, ban sani ba. Inna ta ce wadda ta yi mata barka a kan makokin yayarta ba za ta zama surukarta ba."

"Ka ba ta haƙuri mana—"

"Na ba ta. Ta ce in rufe mata baki."

Fumika ta sha kuka, amma ba ta kare kanta ba. Ta hau jirgin ƙasa zuwa ƙauyen marigayiyar, ta zauna a ƙofar gidanta da aka kulle, ta zana abin da ke tsirowa a wurin. Kowane wata sai ta koma ta yi zane, ta aika wa Inna da kati ɗaya, babu rubutu sai sunan watan. Wata tara, shiru.

A na goma Inna ta aiko kiranta. Fumika tana shiga ta ga katunanta jere a gaban hoton marigayiyar.

"Wannan shuɗin furen, ina kika gan shi?"

"Bayan rijiya, Inna."

"Ita ta shuka shi. Tun ina ƙarama take hana ni tsinka." Inna ta share ido, ta tura mata kofin shayi. "Hannunki da kyau, 'yata. Kunne ne babu."

Takuro da ke zaune a gefe ya ƙyalƙyale da dariya.

"Kai kuma wa ya sa da kai?" in ji Inna.

Dama kyauta ba gwanintar mai bayarwa ba ce, sanin halin mai karɓa ne, kuma haƙuri ke gyara abin da gaggawa ta ɓata.

Fumika ta sunkuyar da kai har ƙasa.

"Inna, na yi alkawari, ba zan sake jiƙa buroshin zane don wani ba sai na fara tambayar yadda ya kwana."