Sunan Da Ke Kan Takardar

"Kada ki kuskura ki kira ni Mama!"

Hidaya ta tsaya cak a ƙofar ofishin lafiya na ƙaramar hukuma. Madam Felicia ce zaune a kan benci cikin baƙaƙen kaya, duk ta zabge. Ita ta haifi mijin Hidaya, Chukwuma, wanda ya musulunta ya zama Muhammad Nur, ya baro Sabon Gari ya dawo Fagge saboda ita.

Ranar da mota ta buge shi a bakin Kantin Kwari, uwar tana can ƙauyensu a kudu. Kafin la'asar Yaya Hadi, wan Hidaya, ya sa an yi masa sutura an kai shi.

"Ina kan hanya fa, Hidaya! Na roƙe ku a waya ku jira ni... Kwana ɗaya ya gagare ku?"

"Wallahi na roƙi Yaya..."

"Kika roƙa, aka ce a'a, kika yi shiru!"

Hidaya ta sunkuyar da kai. Shirun kam ta yi shi.

Ko yau ma Yayan ne ya fito da ita daga ɗakin takaba, don ta karɓo kwafin takardar shaidar mutuwa mai hatimi, a kai wa shugabannin kasuwa a mayar da shagon marigayin hannun su Yayan. Har adaidaita sahu ta tashi yana jaddada mata, "Ko ƙyallen takarda kada ki ba wa dangin mijin nan naki."

"Kullum ina nan," in ji Madam Felicia. "Sun ce ba za su ba ni takardar ba sai matarsa ta sa hannu. Ni da na goya shi sai na jira izininki! Ba shago nake so ba. Babansa na kwance a ƙauye, ya ce ba zai yarda ɗansa ya mutu ba sai ya gani da idonsa. Me zan nuna masa?"

Hidaya ta kawar da kai. Ta tuna yadda Nur yake riƙe hannunta yana cewa, "Sanyin idona, ki yi haƙuri da Mama, wata rana za ta so ki." Wayyo Nurina...

Ta shiga ciki. Ma'aikacin ya duba katinta ya ce, "Allah ya jiƙansa. Kwafi nawa, Hajiya?"

"Biyu."

Ta sa hannu, ya buga hatimi. Ta san sarai abin da za ta tarar a gida.

Da ta fito sai ta durƙusa, ta miƙa ɗaya da hannu bibbiyu. Madam Felicia ta kai takardar kusa da idonta, tana bin layin da yatsa.

"Muhammad Nur... Ina Chukwuma? Ina sunan da na raɗa masa?"

"Da wannan aka rubuta shi a asibiti..."

"Kin ɗauke shi da ransa, kin ɗauke gawarsa, har sunan ma ba ki bar min ba!"

Duk da haka ta ninke takardar a hankali ta cusa cikin rigarta. Ta miƙe da ƙyar, ta yi taku kaɗan, sai ta juyo.

"Tashi ki kai ni kabarinsa. Shi kaɗai nake roƙonki."

Kukan da Hidaya take dannewa ya ƙwace mata.

"Mata ba sa raka gawa a wajenmu... Daga tsakar gida suka ɗauke min shi. Wallahi ni ma ban san inda yake ba!"

Madam Felicia ta kalle ta. Ta ɗaga hannu kamar za ta dafa kanta, sai ta fasa. Ta juya ta kama hanyar Sabon Gari a ƙafa, ta bar Hidaya durƙushe a wurin.