Shinkafar Mutanen Bakin Gaɓa

Wani ɓangare na labarin nan ya kuɓuce mini. Na manta shekarar, na manta ko matata na da rai a lokacin. Abin da ya rage shi zan faɗa.

Kogin Jamuna yana cin garinmu kowace damina. A waccan shekarar ya iso bayan gidan tarihi, ɗaki biyu na kwano inda muke ajiye abin da aka tsamo daga ƙauyukan da ruwa ya haɗiye: ƙofofi, tukwane, allon wani masallaci. Aka yanke a kwashe kayan zuwa sabon gini a kan tudu, a buɗe gidan tarihin a can, kafin ruwan sama. Kuɗin hayar abin da zai ɗauki kayan babu. Sai aka koma ga abin da iyayenmu ke yi: duk matar da za ta ɗora tukunya ta ware cikin tafi guda na shinkafa, a bi gida-gida a tara, a sayar.

Monowara ce ke bin gidajen. Mijinta Ansar matuƙin kwalekwale ne, kogi ya tafi da shi, filafilinsa kawai aka samu, yana rataye a gidan tarihin. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake dariya ba. Duk wadda ta zuba mata shinkafa, sai ta ce da ita, kamar yadda aka saba, "Ranar buɗe gida ki zo, ke da mutanen gidanki." Bakinta ke faɗa, hankalinta ba ya wurin.

Wata rana ta makara. Rana ta faɗi tana hanyar gaɓa, buhun bai kai rabi ba. Kwaɗi na kuka. Iska na warin laka da ruɓaɓɓiyar rama.

Kwaɗin suka yi shiru.

Ta ga layin bukkoki a gefen ruwa, ba wuta ko ɗaya. Wata tsohuwa na tsaye a ƙofa.

"Bubu Monowara," in ji ta ƙasa-ƙasa, da kiran da muke yi wa yaya mace, "mu ba mutane ba ne da za ki wuce mu?"

Monowara ta buɗe buhu. Tsohuwar ta zuba. Shinkafar a jiƙe take, da ƙarnin kifi.

"Ranar buɗe gida ki zo, ke da mutanen gidanki."

"Duka?"

"Duka, Khala," ta ce, wato inna.

Tsohuwar ta yi dariya ba sauti. "Kun ji ko? Ta gayyace mu."

Ƙofofi suka buɗe. Hannaye suka miƙo daga duhu, ɗaya bayan ɗaya, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannu. Buhun ya yi nauyi. Wani sanyi ya kama idon sawunta, ya hau ƙwauri.

Hannu na ƙarshe na namiji ne, babban yatsan a murɗe, inda igiyar taru ta taɓa karya shi.

Ta san yatsan.

"Kin rame," in ji shi.

Ta tsaya tana kallon hannun. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta. Ba ta ji ba. Ruwa ya kai ƙugunta.

"Zauna mana," in ji shi.

"Ban gama bin gidaje ba," ta ce.

Ta juya. Ƙasa ta zame ƙarƙashinta. Ta cafki saiwar gora da hannu ɗaya, ɗayan bai saki buhun ba. Ta rarrafo sama. A bayanta gaɓar ta rufta, rugum.

Da safe ta shanya shinkafar, ta bushe fes. Da ita aka cike kuɗin haya, aka kwashe komai har da filafilin. Ranar buɗe gida ta tsaya a bakin ƙofa, tana ta matsawa gefe kamar mai ba mutane hanya, alhali ba kowa.

Wannan kam na tabbatar da kaina. Na je sabon ginin da rani, bayan sallar asuba, kafin mai shara ya zo. Tsakaninsa da kogi tafiyar wuni ce. Na durƙusa na dafa daɓen. Ɗanyen yashin kogi ne ya manne mini a tafin hannu.