Tabarau a Jikin Ƙusa

Durƙushe ta same shi a ƙofar shagon ɗinkin babanta, ya saita kyamara kan ƙyallayen da aka share aka tara a gefe, sai murmushi yake kamar ya tsinci zinariya.

"Malam, shara kake ɗauka a hoto?" ta tambaya.

Ya ɗago kai, nan take ya manta da ƙyallayen. "Launinsu nake ɗauka," ya ce. "Amma yanzu na ga abin da ya fi su."

Ta galla masa harara, ta shige da kwanon abincin Baba tana danne dariya.

Shi dai mai hoton nan haka Allah ya yi shi. Wasu na bin gidajen biki, shi yana bin tayar keke da inuwar wanki a kan igiya. In ya koma ɗaki sai ya zauna gaban kwamfuta, ya ƙara haske nan, ya goge wayar lantarki can, har abin da kowa ke takawa ya wuce ya koma abin ratayewa a falo. Tun ranar kuwa autar tela ta hana shi sukuni, kullum sai ya sami abin ɗauka a layinsu.

"Haskena," ya rubuta mata, "duk abin da na ɗauka yau bai kai hararar nan taki kyau ba."

"Ɗan Shara, ka daina zuzuta ni," ta amsa. "Albishirinka, Baba ya ce ka zo!"

Tsalle ya yi har ya kusa kifar da kwamfutar. Ya san Baba ya fi karkata ga mai shagon wayoyi na maƙwabta, wai shi ne mai sana'ar da ake gani. Don haka ya ƙudura zai je da kyautar da za ta rufe bakin kowa. Cikin hotunan da ya ɗauka a layin, ya zaɓi na Baba a kan keken ɗinki, ya shafe tsagar bango, ya goge wani tsohon tabarau mai karyayyen hannu ɗaure da zare da ke rataye a ƙusa. Hoto ya fito tsaf, ya sa shi a firam, ya tafi yana ji da kansa.

Baba ya daɗe yana kallo. "Ina tabarau?"

"Na goge shi, Baba, don ya ɓata bangon."

"Ɗauki abinka. Mai goge abin da bai tambaya ba, ba zan ba shi 'yata ba."

A waje ta cim masa, idonta taf da hawaye. "Na Mama ne. Da shi take zura wa Baba zare a allura. Tun da ta rasu bai sauke shi ba."

Kunya da tsoron rasa ta suka rufe shi. Allah ya taimake shi ba ya zubar da hotunan asali. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, sai ga wanda a da ya tsallake saboda Baba bai kalli kyamara ba: allura a hannu, zare a baki, ido na can kan tabarau. Bai taɓa komai ba, ya wanke shi yadda yake, ya kai wa Baba.

Wannan karon Baba sai da ya share ido da bakin riga. "Tsagar bangon ma ka bar ta."

"Na bar komai, Baba. Ka yafe mini."

"To, ka turo magabatanka."

Daga bayan labule aka ji ihun murna, kwano ya faɗi ƙasa.

Ranar ɗaurin aure ango ya kasa zama, sai gyara wa abokinsa riƙon kyamara yake, har amarya ta jawo hannunsa. "Ɗan Shara, yau kai ake ɗauka, tsaya mana!"

An jeru ke nan Baba ya ɗaga hannu. Ya zaro tabarau daga aljihu, ya damƙa a tafin autarsa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya," ya ce. Sannan ya dubi mai kyamara. "Yanzu mun cika. Ɗauka."