Jagoran da Ya Ɓata a Ajegunle

Ranar da wata jami'a a Legas ta haɗa kowane sabon ɗalibi a shirin haziƙai da ɗan aji uku da zai yi masa jagora, Furera ce ta faɗo hannun Harisu. Kallo ɗaya ya yi mata, jawabin da ya haddace ya gudu.

"Ni ne jagoranki. Duk abin da ya shige miki duhu, ki tambaye ni."

"To Jagora, wace motar danfo ke zuwa Agege?"

Bai sani ba. Daga Azare ya zo, kuma tun zuwansa bai san ko'ina ba sai laburare da masallaci. Ita kuwa haihuwar Agege ce.

Ya koya mata rubuta bincike da lallaɓa farfesa mai saurin fushi. Ta koya masa sauka daga danfo ba tare da ya bar takalmi ba. A haka zukata suka haɗu.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Alhaji Mato, dillalin goro, ya ce bai yarda ba.

"Wanda 'yata ke tsallakar da shi titi? Ga Murtala direban tanka a Apapa, ido rufe ya san Legas. Shi Harisun ya zo gidana ranar Asabar, ba ɗan rakiya. In ya kasa, Murtala zan ba."

Ranar Asabar haziƙinmu ya hau danfo, ya tsinci kansa a Ajegunle. Shekarar da salula ta shigo ce, shi ba shi da ita, sai ya ari ta wani mai shago ya tura saƙo wayar yayanta:

"Furena, na ɓata. Ina jin na rasa ki."

Amsa ta zo:

"Jagorana, ba ka rasa kowa ba. Hau motar Oshodi, can ka nemi ta Agege. Sauka a titin jirgi, ka bi ƙamshin tsire."

Ya iso jiƙe da gumi, ya tarar da Murtala a zaure yana murmushi.

"Kai ka kawo kanka?" in ji Alhaji.

Harisu ya sunkuyar da kai. "A'a Baba. Furera ce ta nuna min hanya ta waya."

Alhaji ya leƙa cikin gida, ya rage murya.

"Tun ina saurayi nake garin nan, har gobe Hajiya ke faɗa min inda zan sauka. Zauna, ɗana."

Bayan Furera ta kammala karatu aka ɗaura aure. Ranar kai amarya, daga cikin lulluɓi take faɗa wa direba inda zai juya. Allah ya ba su zaman lafiya, ya bar mana masu nuna mana hanya.